Teku Na Matsowa, Mu Kuwa Muna Sare Ganuwarmu

A ƙaramar hukumar Ilaje ta Jihar Ondo, can bakin Tekun Atlantika, akwai wani gari da ake kira Ayetoro. Waɗansu masunta ne masu bi, 'yan wata ƙungiya da ta kira kanta Jama'ar Manzanni Masu Tsarki, suka kafa shi a watan Janairu na shekarar 1947. Da yake wurin laka ce zalla, sai suka ɗora gidajensu na katako a kan ginshiƙan itace, suka shimfiɗa gadojin katako su zama musu tituna. Suka kuma haɗa dukiyarsu wuri ɗaya, kowa ya yi aiki, kowa ya ci daga asusun gari, irin zaman da ya tuna wa mutane da yawa labarin ikkilisiyar farko. Tun kafin a ba Nijeriya mulkin kai garin ya riga ya yi suna. Suna ƙera jiragen ruwa da kansu, suna da wutar lantarki a lokacin da garuruwa da dama ke fama da aci-bal-bal, baƙi kuma na zuwa daga nesa domin su ga abin da masunta suka iya yi da ƙarfin kansu.

Yau teku na cin Ayetoro. Mazauna garin sun ce fiye da rabinsa ya riga ya shige ruwa, an sha ɗage makaranta a koma da ita baya, inda kuma kakanninsu suka yi sujada a farko yanzu kwale-kwale ne ke wucewa ta kai. A shekarar 2004 Hukumar Raya Yankin Neja-Delta, wato NDDC, ta ba da kwangilar gina katangar da za ta kare garin. Ba a yi aikin ba. A 2009 aka sake ba wani kamfani a kan Naira biliyan 6 da rabi, shi ma bai kai ga ƙarshe ba. Jama'ar garin sun yi zanga-zanga, sun rubuta takardun koke, manyan baƙi sun zo sun yi alkawari sun tafi, ruwa kuwa bai fasa shigowa ba.

Mai karatu da ke Jos ko Zonkwa ko Numan zai iya cewa, to ina ruwanmu da teku, mu da ko kifinsa sai a cikin ƙanƙara muke gani? Ruwanmu da shi kuwa da yawa. Albashin ma'aikacin jiha da na ƙaramar hukuma, yawancinsa daga kason da ake rabawa a Abuja yake fitowa, babban ɓangare na wannan kaso kuwa kuɗin man fetur ne da ake haƙowa a wannan gaɓar. Takin zamani da magani da kayan gyaran mota ta tashoshin jiragen ruwa na Legas da Fatakwal suke shigowa. 'Ya'yanmu da ƙannenmu da ke aikin soja da ɗan sanda, da masu gadi da masu acaba da fataken shanu da tumatir, dubbai ne a waɗannan garuruwa, kuma galibi a unguwannin da ruwa ke fara shiga suke zaune, domin nan ne haya ke da sauƙi. Akwai kuma wata alaƙa ta kogunanmu da zan zo kanta nan gaba.

Bari mu fara da abin da masana suka auna. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a rahotonsa na 2021 cewa tsakanin 1901 da 2018 ruwan tekun duniya ya tashi da kimanin santimita 20, wato kusan taƙi guda. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne saurin. Daga 1901 zuwa 1971 yana ƙaruwa da milimita 1.3 a shekara, daga 2006 zuwa 2018 kuwa ya kai milimita 3.7 a shekara, kusan ninki uku ke nan. Dalilan biyu ne manya: ruwa idan ya ɗumama yakan kumbura, sannan ƙanƙarar da ke jibge a tsibirin Girinlan da ƙuryar kudancin duniya da kan manyan duwatsu tana narkewa tana kwarara cikin teku. Kwamitin ya yi ƙiyasin cewa kafin shekarar 2100 za a ƙara tsakanin santimita 28 da 55 idan duniya ta rage hayaƙin da ke ɗumama ta ƙwarai da gaske, idan kuwa aka ci gaba da sakaci abin zai iya kai wa mita ɗaya.

Taƙi guda ba ya ba mutumin tudu tsoro. Amma a ƙasar da take shimfiɗe kamar faifai, inda za ka yi tafiyar kilomita da yawa daga bakin teku ba ka hau ko tsayin mutum ba, taƙi guda na nufin gonaki da rijiyoyi sun sha gishiri. Ƙari a kan haka, ƙasar Neja-Delta ita kanta tana lotsawa a hankali, domin laka ce da kogi ya tara, laka kuwa takan danne kanta, haƙar mai da iskar gas daga ƙarƙashinta kuma na ƙara wa abin sauri. Ruwa na hawa, ƙasa na sauka. Idan kuma Kwara da Binuwai suka kawo ambaliya irin ta 2012 da ta 2022, ruwan kan tarar da teku ya cika masa hanya, sai ya kwanta a kan garuruwan Bayelsa da Delta mako da makonni.

Gaɓar tekun Nijeriya ta kai kimanin kilomita 850 daga Badagiri zuwa kan iyakar Kamaru. Tun kafin a san siminti, wannan gaɓa tana da abin da ke kare ta. Daga gaba akwai tudun yashi da teku ke tarawa yana kwashewa. Daga bayansa akwai tafkuna da fadamu masu shanye ruwa idan ya yi yawa. A tsakiya kuma, musamman daga Jihar Delta zuwa Kuros Riba, akwai kurmin wani itace da Turawa ke kira mangurof, mutanen Neja-Delta da dama kuma suna ce masa angala. Kada mai karatu ya haɗa shi da mangwaro, ba su da dangantaka ko kaɗan. Angala itace ne da ke rayuwa a inda ruwan gishiri da ruwan daɗi suke garwaya, wurin da kowane itace da muka sani zai mutu cikin mako guda. Saiwoyinsa daga jikin gangar da rassan suke fitowa, su lanƙwaso su caki laka, har ka ga itacen kamar yana tsaye a kan ƙafafu hamsin. 'Ya'yansa tun suna kan uwa suke tsiro, su yi tsawo kamar sandar ganga, in sun faɗo su kafe a laka ko ruwa ya kai su wani wuri su kama. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan wannan kurmi a Afirka. Ƙididdigar da aka yi da tauraron ɗan'adam a 2020 ta nuna ya haura murabba'in kilomita 8,000, abin da ya sa muka shiga cikin ƙasashe biyar na gaba a duniya.

Mu da muka taso a Arewa mun san amfanin jerin darbejiya da aka dasa a Katsina da Jigawa da Sakkwato domin a karya ƙarfin iskar hunturu a tsare rairayin hamada. Aikin angala ke nan, sai dai shi da ruwa yake kokawa. Raƙumin ruwa idan ya taso daga teku ya shiga cikin wannan sarƙaƙiyar saiwoyi, kowace saiwa na rage masa ƙarfi, kafin ya kai ga gidaje ya zama ruwan sanyi. Masanan da suka tattara awon da aka yi a ƙasashe daban-daban sun bayyana a 2012 cewa faɗin mita 100 na kurmin yakan rage tsayin raƙuman ruwa da kashi 13 zuwa 66 cikin ɗari, gwargwadon kaurin kurmin da irin itacen. Wani bincike da aka buga a 2020 ya ƙiyasta cewa in da za a wayi gari babu wannan kurmi a duniya, ƙarin mutum miliyan 15 ne ambaliya za ta riƙa shafa kowace shekara, asarar dukiya kuma ta ƙaru da fiye da Dalar Amurka biliyan 65 a shekara.

Amma abin da ya fi burge ni game da shi wani ne dabam. Katangar dutse ranar da aka gama ta ta gama tsawo, daga nan sai lalacewa. Kurmin angala kuwa yana ɗaga ƙasar da yake kai. Duk sa'ad da teku ya ciko ya shigo da ruwa mai laka, saiwoyin kan sa ruwan ya lafa, lakar ta kwanta, ganye da matattun saiwoyi su haɗu da ita, shekara bisa shekara ƙasar na ƙara tudu. Muddin laka na isowa kuma teku bai yi gaggawa da yawa ba, kurmin na iya bin sa suna hawa tare. Ganuwa ce da ke ƙara wa kanta tubali.

An ga shaidar wannan da rayukan mutane. A watan Oktoba na 1999 wata mahaukaciyar guguwa ta auka wa Jihar Orisa ta ƙasar Indiya, ta hallaka mutum kusan 10,000. Daga baya masana biyu suka bi ƙauyuka 409 na gundumar Kendirapara ɗaya bayan ɗaya, suka buga sakamakon a 2009: ƙauyukan da ke da kurmi mai faɗi tsakaninsu da teku sun yi asarar rayuka kaɗan ƙwarai idan aka gwada da waɗanda aka sare nasu aka yi gonakin shinkafa. Sai dai kada a ɗora wa itace abin da ya fi ƙarfinsa. Igiyar tsunami ta Disamba 2004 ta tumɓuke kurmi da gidaje gaba ɗaya a wuraren da ta fi ƙarfi a yankin Ace na Indunusiya. Jeri ɗaya ko biyu na itatuwa ba ya tare tumbatsar guguwa, sai kurmi mai faɗin kilomita ko fiye. Wani bincike na 2020 kuma, wanda ya duba abin da ya faru shekaru dubbai da suka wuce, ya nuna cewa idan tashin teku ya wuce milimita 6 zuwa 7 a shekara, da wuya kurmin ya iya bin sa. Ba mu kai nan ba tukuna, amma hanyar muka nufa.

Ko da babu batun kariya, kurmin nan rumbu ne. A cikin saiwoyinsa ƙananan kifaye da jatan lande da ƙaguwa suke ɓuya har su girma su fita teku, saboda haka masuncin da ke jefa taru can cikin teku ma daga kurmin yake ci ko bai sani ba. Matan ƙauyukan Ijo da Ogoni da Andoni kan shiga laka idan ruwa ya janye su tsinci ƙananan dodon koɗi da sauran abubuwan ɓawo, da shi suke miya, da shi suke biyan kuɗin makaranta. Busasshen jatan landen nan da matanmu ke saye a mudu a kasuwannin Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano, mai yawansa daga wajen Oron da sauran gaɓar Akwa Ibom yake zuwa. Uwargida da ke kukan tsadarsa tana da alaƙa da kurmin da ba ta taɓa gani ba. Lakar da ke ƙarƙashin kurmin kuma tana riƙe da iskar kabon ninki uku zuwa biyar na abin da kurmin tudu mai faɗi ɗaya ke riƙewa, in an tone ta sai iskar ta koma sama ta ƙara ɗumamar da ke tayar da tekun.

To me ke cin wannan ganuwa? Na farko gatari ne. Itacen angala na ci da wuta ko yana ɗanye, kuma masu bandar kifi sun fi son sa. Yayin da kananzir da gas suka gagari talaka, kurmi ne ke biya. Ba na ganin laifin matar da ta sari itace ta yi banda, domin in ba ta yi ba kifin mijinta ruɓewa zai yi kafin ya kai kasuwa. Abin da take bukata shi ne murhun banda mai cin itace kaɗan, irin wanda aka daɗe ana amfani da shi a gaɓar ƙasar Gana.

Na biyu man fetur ne, wanda aka fara samu a Oloibiri a 1956. Angala ta saiwoyinsa yake numfashi, ɗanyen mai kuwa in ya malala ya lulluɓe su sai itacen ya shaƙe ya bushe a tsaye. A 2008 bututun kamfanin Shell ya fashe har sau biyu a Bodo ta ƙasar Ogoni, mai ya yi makonni yana tsiyaya cikin ƙoramu. Sai a watan Janairu na 2015, bayan ƙarar da aka kai Landan, kamfanin ya yarda ya biya Fam miliyan 55 ga garin da masunta kimanin 15,600. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a kan ƙasar Ogoni a watan Agusta na 2011 ya ce gyaran ɓarnar zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. An ƙaddamar da aikin share yankin a 2016, an kuma soma dashen angala a waɗansu ƙoramun Gokana, amma tafiyar ta hawainiya ce. Dole kuma a faɗi gaskiya ta ɗaya ɓangaren: matasan da ke fasa bututu suna dafa ɗanyen mai a ɓoye cikin kurmi, suna zubar da dagwalon a ƙorama, su ma suna kashe abin da ke ciyar da iyayensu. Haka nan hanyoyin ruwa da aka haƙa domin jiragen kamfanonin mai su kai ga rijiyoyi sun jawo ruwan gishiri zuwa dazuzzukan ruwan daɗi, itatuwan suka mutu. Mutanen Ilaje sun daɗe suna wannan kuka.

Akwai kuma wani gyaran gangar Auzinawa da Turawan mulki suka bar mana. A 1906 aka kawo wani irin kaba mai suna nipa daga Singafo aka dasa a Kalaba, wai don ya tsare zaizayar gaɓa. Yau ya bazu zuwa yamma har cikin Jihar Ribas da gaba, duk inda aka sare angala ko mai ya kashe shi sai nipa ya riga shi kama wurin. Ba shi da irin saiwoyin nan masu tsayi da kifi ke ɓuya a ciki, masunta kuma sun ce inda ya mamaye kamu na raguwa.

Yanzu ga inda hannunmu yake. Lakar nan da kurmin ke tarawa, da yashin da teku ke jerawa a gaɓa, ba daga sama suke faɗowa ba. Ƙasar Arewa ce da ruwan damina ke wankewa, Kogin Sakkwato da Kaduna da Gongola su zuba ta cikin Kwara da Binuwai, su kuma su kai ta teku. Da wannan jar lakar aka gina Neja-Delta tun fil azal. Daga 1968 da aka gama madatsar ruwa ta Kainji, sai ta Lagdo a Kamaru a 1982, ta Jebba a 1985, ta Shiroro a 1990, ga kuma Bakolori da Goronyo da Kiri da Dadin Kowa, kowace madatsa na tsayar da ruwa, ruwan da ya tsaya kuwa yakan sauke lakarsa a gindin madatsar. Hasara biyu ke nan: tafkin madatsar na cikewa yana rage ruwan da zai iya riƙewa, gaɓar teku kuma na jin yunwar laka. Ba ina cewa a rushe Kainji ba ne, kowa na son wuta da noman rani. Amma a duk lokacin da ake shawarar gina sabuwar madatsa a kan Binuwai ko rassanta, ya kamata a sa wannan lissafi a kan tebur, a kuma zauna da mutanen Bayelsa kamar yadda mu ma muke so Kamaru ta riƙa sanar da mu kafin ta buɗe Lagdo. Maƙwabtanmu na Gana sun riga sun ɗanɗana. Bayan an gama madatsar Akosombo a kan Kogin Bolta a 1965, yashin da ke isa gaɓar gabashin ƙasar ya ragu, teku ya ci wani babban yanki na garin Keta har da sashen tsohuwar ganuwar da Turawan Danmak suka gina a 1784. Aka kashe fiye da Dala miliyan 80 aka yi wa Keta katanga a farkon shekarun 2000, Keta ta samu sauƙi, zaizayar ta matsa gaba ta kama ƙauyukan da ke gabas da ita.

Wannan hali na katanga, wato ta kare na bayanta ta tura wa maƙwabci, mun gan shi a Legas. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka miƙa dogayen shingayen duwatsu cikin teku a bakin mashigin tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe ta. A gaɓarmu teku daga yamma yake tura yashi zuwa gabas. Shingayen suka tare shi, ya taru a yamma, gaɓar Bar Beach da ke gabas ta rasa mai ciyar da ita, teku ya yi ta cin ta shekara da shekaru har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello a tsibirin Biktoriya. Gwamnatoci sun yi ta zuba yashi teku na kwashewa. Daga ƙarshe aka ba 'yan kasuwa wurin, tun wajen 2008 suka soma cike teku da yashi suna gina sabon birni mai suna Eko Atlantic, da katangar da aka tsara za ta kai kilomita 8 da rabi, an jera mata dubban curin kankare masu nauyin tan 5 kowanne. Katangar ta yi aikinta, tsibirin Biktoriya ya huta. Amma a watan Agusta na 2012 teku ya tumbatsa a gaɓar Kuramo da ke maƙwabtaka ya tafi da mutum 16, ƙauyukan masunta na gabas irin su Okun Alfa kuma suka ga gaɓarsu na guduwa. Mazauna wurin na ɗora laifin a kan sabon birnin, masu ginin sun musanta. Ko ma wane ne ke da gaskiya, abin da ido ke gani shi ne kashin dankali: inda fili ke da tsada an sami kuɗin katanga, inda masunta suke an sami kwangila a takarda. A lokaci guda kuma ana ta cike fadamun Lekki ana gina gidaje, ana haƙar yashi a cikin tafkin Legas dare da rana, sannan a yi mamaki idan ruwan sama na awa uku ya mai da titi kogi.

Bankin Duniya ya yi lissafin abin da lalacewar gaɓa ta jawo wa jihohi uku kawai, Legas da Delta da Kuros Riba, a shekarar 2018, ya samu Dala biliyan 9.7, idan aka haɗa ambaliya da zaizaya da gurɓatar ruwa da iska da asarar kurmi. Gwada wannan da abin da aka yi a arewacin ƙasar Biyetnam, inda ƙungiyar agaji ta Red Cross ta fara dashen angala a gaban katangun ƙasa na bakin teku a 1994. An kashe kimanin Dala miliyan 1.1 a kan hekta 12,000, kuɗin gyaran katangun kuma ya ragu da Dala miliyan 7.3 a kowace shekara. A lura, ba su rushe katanga sun dogara ga itace kaɗai ba. Kurmi a gaba, katanga a baya, kowanne na rage wa ɗan'uwansa nauyi. A Senegal ma, tun daga 2006 ƙauyukan Kasamas da Sin-Salum suka dasa miliyoyin 'ya'yan angala da hannu, mata da yara da masunta, ba tare da wata babbar na'ura ba.

Dashen ma yana da nasa tarkon, kuma mu da muka ga yadda bikin dashen itatuwa na shekara-shekara ke ƙarewa a cikin awaki mun san shi. A ƙasar Filifin an kashe kuɗi mai yawa a kan dashe, masana suka duba a 2008 suka tarar abin da ya rayu bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba, saboda an dasa irin da bai dace ba a wurin da ruwa ke shanye shi. Sau da yawa abin da kurmi ke so shi ne a buɗe masa hanyar ruwan da aka toshe, a share man da ya zuba, a cire nipa, a bar shi, shi da kansa zai watsa 'ya'yansa. Sai dai irin wannan aiki ba ya ba kwamishina damar ɗaukar hoto da shebur.

Ayetoro kam ta wuce inda dashe kaɗai zai cece ta. Gaɓarta laka ce mai laushi da ke fuskantar teku kai tsaye, duk ɗan tsiron da aka kafa yau raƙuman ruwa za su tumɓuke shi gobe. Tana bukatar shingen da zai fara karya ruwa domin laka ta samu ta kwanta, sannan a yi dashe a bayansa, kuma tana bukatar a fito fili a faɗi inda kuɗin 2004 da na 2009 suka shiga. Majalisun dokoki na da ikon kiran waɗanda suka sa hannu, sunayensu na nan a fayil.

Gwaji mafi girma da ke gabanmu shi ne babbar hanyar bakin teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700, wadda Gwamnatin Tarayya ta fara a watan Maris na 2024. Hanya abar so ce, kuma mutanen gaɓa sun daɗe da cancantar ta. Amma za ta ratsa Ondo da Delta da Bayelsa da Ribas, wato tsakiyar kurmin. Hanya a fadama iri biyu ce: ko a ɗora ta a kan gadoji ruwa ya riƙa wucewa ta ƙasa, ko a cike da yashi a yi mata tudu, wanda ya fi araha. Ƙasar Kolombiya ta zaɓi na biyu tsakanin 1956 da 1960, lokacin da ta gina hanya daga Barankiya zuwa Siyenaga a bakin wani babban tafki. Tudun hanyar ya raba tafkin da teku, aka kuma toshe ƙoramun da ke kawo ruwan daɗi daga Kogin Magadalena, gishiri ya taru, kafin tsakiyar shekarun 1990 fiye da rabin kurmin da ya haura hekta 50,000 ya bushe, kifi ya yi ta mutuwa, sai da aka koma aka sake haƙa ƙoramun da kuɗin bashi. Muna da Dokar Soja mai lamba 86 ta 1992, wadda ta wajabta a auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a kuma baje rahoton jama'a su gani su yi magana. Sanatocinmu da wakilanmu na Arewa suna cikin masu amincewa da kuɗin wannan hanya, saboda haka suna da bakin tambayar Ma'aikatar Ayyuka kilomita nawa ne za su hau gada a tsakanin Warri da Fatakwal, nawa ne kuma za a cike da yashi.